Me Ruwan Yake Wankewa?

A yawancin gidajenmu, idan aka aiko da nama daga kasuwa, ba a tambayar ko za a wanke shi, sai dai sau nawa. A juye a roba, a zuba ruwa, a cuɗa, a tsiyaye, a sake. Idan kaza ce, bayan an fige an babbake, wasu har lemun tsami suke matsawa don kashe ƙarni. Haka muka taso muna gani, kuma yarinyar da ta kuskura ta jefa nama a tukunya babu wanki, ranar za ta gane kurenta.

Sai ga shi hukumomin Amurka da Birtaniya suna cewa a daina. A 2014 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta yi gangami na musamman tana roƙon mutane su bar wanke ɗanyar kaza. Hujjarta ita ce wata ƙwayar cuta mai suna kamfailobakta, wadda ke kan gaba wajen jawo gudawa da murɗar ciki ta hanyar abinci a ƙasar. Tana maƙale a jikin kaza, ruwa ba ya kashe ta, abin da yake yi kawai shi ne ya fantsama ta kan hannu da riga da kwanukan da ke kusa. Wuta ce maganinta. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce idan zafin tsakiyar naman kaza ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, an gama da ita, da ita da salmonela.

Wata ƙanwarmu da ke karatu a Ingila ta ci karo da wannan magana ido da ido. Kicin ɗaya suke amfani da shi da wata Baturiya. Ranar da Baturiyar ta ga tana wanke kaza a ƙarƙashin famfo, sai ta kwashe kofunanta ta fice. Ita kuma ranar da ta ga Baturiyar ta farke leda ta zazzage kaza kai tsaye cikin kasko, ta ce har dare zuciyarta na tashi. Kowacce tana yi wa ɗayar kallon ƙazama. Da ta ba Hajiya labari a waya, amsa ɗaya ta samu: “Ke dai ki wanke, 'yar nan. Su can su suka sani.”

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun saba da irin wannan rigima, sai dai ba a kan nama ba. Mukan gaji tsohuwar manhaja mu tarar da wani layin umarni wanda ba wanda ya san amfaninsa, mai rubuta shi ya bar aiki shekaru da suka wuce, bai bar bayani ba. Sabon ma'aikaci mai rawar kai sai ya goge, ƙarshen wata ya zo albashin mutane ya ƙi fita. Akwai kuma akasin haka: layin da aka yi shekara goma ana lallaɓawa, ashe matsalar da yake tarewa ta wata na'ura ce da aka daɗe da jefarwa. Abin da wahala ta koya mana shi ne mu fara tambayar me aka sa shi ya tare, sannan mu duba ko abin yana nan har yanzu. Umarnin da ya zo daga waje ma haka muke yi masa, domin kowane umarni yana da sharuɗɗan da mai shi bai rubuta ba, don shi a wurinsa ba sa buƙatar faɗa.

To, wane nama Baturen yake magana a kai? Kazar da aka yanka a masana'anta, inji ya fige, aka sanyaya, aka rufe a leda, ta fito daga wannan firiji ta shiga wancan har ta iso gida. Babu abin da ido zai gani a wanke. Kicin ɗinsa kuma famfo ne mai ƙarfi a kan kwamin wanke-wanke, faranti na gefe, ganyen salak na gefe.

Namu fa? An yanka shi da asuba a kwata, an ɗauko a bayan babur, ya wuni a kan tebur a buɗe, ƙuda ya sauka ya tashi, in hunturu ne ƙura ta yi masa hoda. An sassara shi a kan gungume, da tsagin ƙashi da gashi da ɓurɓushin icce, wani lokaci da ɗan abin da ya zubo daga tumbi. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta narkar da yashi. Kayan ciki kuwa ba a ma maganarsu, babu mai hankalin da zai dafa hanji bai wanke ba. Sannan iyayenmu a roba suke wanki, a tsugune a tsakar gida kusa da rariya, nesa da inda ake zuba abinci. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da suke tarewa yana nan, kuma ana ganinsa a ƙasan robar.

Da za mu tsaya a nan da mun ji daɗi, mun kare iyaye mun kunyata Bature. Sai dai maganarsa ta farko tana nan daram: ruwan bai cire ƙwayar cutar ba. Haɗarin ma shi ne wanda ya wanke sau uku yana jin ya gama da tsafta, sai ya ɗauki wuƙar nan, da hannun nan, ya yanka tumatur da albasa da latas, abubuwan da ba za su ga wuta ba. A 2019 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da sakamakon wani gwaji, inda aka sa mutane su dafa kaza su haɗa salak, bayan an shafa wa kajin ƙwayar da ba ta cutarwa don a bi sawunta. Kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka wanke an sami ƙwayar a kwamin wanke-wankensu, kashi 26 kuma ta kai ga latas ɗinsu. Abin da ba a cika yaɗawa ba shi ne waɗanda ba su wanke ba ma, kashi 31 cikinsu ta kai ga latas. Ke nan hannu ne babban ɗan aiken.

Mu ma zamanmu ya canza. Da yawanmu yanzu a gidajen sama muke a Abuja ko Kano, da famfo a kicin, muna sayen daskararriyar kaza a kanti, kwalbar madarar jariri tana kife a bakin kwami. A irin wannan kicin mu ne Baturen da ake yi wa gargaɗi. Al'adar ta biyo mu sabon gida, dalilinta ya tsaya a tsakar gidan Hajiya.

Wani abin da ke ruɗa mu shi ne muna haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya. Akwai tsarki, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun bambance: jinin da ya kwarara wajen yanka najasa ne, wanda ya rage a tsoka da jijiya mai tsarki ne. Akwai tsaftar da ido ke gani. Akwai kuma kuɓuta daga abin da ido ba ya gani, wadda kakanninmu ba su da madubin ganinta. Ƙyama ce ke ɗaure mana su wuri ɗaya, ita kuwa ƙyama a gida ake koyon ta. Mu da muke yamutsa fuska a kan kazar Baturiya, ba mu taɓa tambayar mai tsire ko ya wanke nama ba, kuma kilishin da ya sha rana a fili har tsaraba muke yi da shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a wurinmu ƙazanta tuhuma ce a kan hali. Kalmar “ƙazama” tana iya bin amarya a dangin miji har ta tsufa. Matar da ta karanta gargaɗin nan ta gamsu, ga uwar miji zaune a kicin tana kallon hannunta, me za ta yi? In ta wanke alhali ta san ruwan ba ya yin aikin da ake jingina masa, ta yi munafunci ke nan?

A ganinmu ba ta yi ba. Wankin nan, ban da yashi, yana ɗauke da saƙo ga wanda zai ci: an kula da abin da za ka sa a bakinka. Saƙo ne na gaskiya, kuma ba shi da tsada idan an yi shi a roba, a hankali, ba a ƙarƙashin famfo ba. Inda ba za mu so ta sassauta ba, ko wa ke kallo, shi ne ta fara yanka kayan salak ta rufe kafin ta taɓa nama, ta wanke hannu da wuƙa da robar da sabulu, ta bar nama ya dahu har ciki. Idan yaro ya kwana yana gudawa, ba wanda zai tuna cewa an wanke kazar sau uku.

Ƙanwar tamu yanzu ta sayi roba ta musamman, tana wankewa a ciki nesa da kayan kowa, ta bi wurin da sabulu da ruwan zafi. Baturiyar har yau ficewa take yi in ta ga ta ɗauko robar. Hajiya kuma, duk ranar da ta ji an dafa kaza, sai ta tambaya sau nawa aka wanke.