Riƙo, zunubin da ke zuwa sujada

Shekara biyu na yi ban zauna benci ɗaya da wani dattijo a ikilisiyarmu ba. Kuɗin taki buhu biyu ne tsakaninmu. Ya karɓa da farkon damina, ya ce sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta, bai ce uffan ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Kowace Lahadi nakan rusuna in ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya su Mama?" Amma ranar Kirsimeti da ya shigo cikin sabuwar babbar riga, ana waƙa ina lissafin yadi nawa ta ci da kuɗin ɗinkinta. Da aka zo baiko kuwa, hannunsa nake kallo.

Wannan shi ne riƙo, kuma a cikin zunubai ban san wanda ya kai shi iya shiga mutane ba. Mashayi ana jin warinsa. Wanda aka kama da zina dattawan ikilisiya sukan sa shi ƙarƙashin horo, ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji har sai ya tuba. Mai riƙo fa, wa ya taɓa yi masa horo? Yana cikin ƙungiyar mawaƙa, tana cikin zumuntar mata, wani lokaci ma shi ke kan bagade. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne, sau da yawa mai riƙo yana da gaskiya. An cuce shi ɗin. Shi ya sa ba ya jin yana da abin tuba.

Mutanen Kaduna sun san Fasto James Wuye. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya bazu har cikin garin Kaduna, yana cikin jagororin matasan Kirista da suka fito faɗa, a nan ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma aka kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su, daga nan suka fara aikin sasanci tare, aikin da ya zama cibiyar sulhu tsakanin addinai da ke Kaduna. Suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har shugabannin addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta na 2002. Sun shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004, an kuma gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓen da ya ɓarke a ƙarshen 2007.

Duk wannan an sha ba da labarinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da faston ya faɗa da bakinsa game da shekarun farko. Wajen shekara uku suna tafiya tare, suna zama teburi ɗaya, suna yi wa jama'a wa'azin zaman lafiya, wani lokaci su kwana ɗaki ɗaya a masauki, alhali zuciyarsa na raya masa ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai yana barci. Limamin ya je asibiti ya duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, abin ya taɓa shi, amma ƙullin bai warware ba. Sai da wani fasto ɗan'uwansa ya tare shi ya nuna masa cewa ba a yi wa mutum shelar Almasihu da ƙiyayyarsa a ciki. Wato baki ya riga zuciya yafewa da shekara uku. Hannun kuma bai dawo ba, na roba yake sawa.

A Matiyu sura 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ke bi talanti 10,000. Talanti ɗaya ya kai dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan lebura ne na yini guda, saboda haka bashi ne da ko jikokinsa ba za su iya biya ba. Ya roƙa, aka yafe masa. Yana fita ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Mukan karanta mu ce kai, wannan bawa mugu ne. Amma dinari 100 ladan fiye da wata uku ne, ba abin raini ba ne, kuma bashin na gaskiya ne. Laifinsa mantuwa ce: ya fito daga gaban sarki bai tuna me ya faru da shi a ciki ba. Mu ma haka muke fitowa daga sujada, bayan mun roƙi a gafarta mana daidai da yadda muke gafarta wa wasu. Da Allah zai amsa wannan addu'a kalma da kalma, da yawanmu mun shiga uku.

Wani zai ce to, a bar azzalumi ya ci bulus ke nan? A'a. Wanda aka ƙwace wa gona ya je kotu, matar da ake duka ta nemi mafaka, dattawa kuma su daina rufe mata baki da "ki yi haƙuri". Neman hakki daban, fatan ganin bayan mutum daban. Ka gwada kanka da wannan: in ka ji labarin ya yi asara, me ya fara motsawa a ƙirjinka? Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su faɗi wanda zafin ke fara ci ba.

Ni dai matar dattijon nan ce ta kwanta, aka sa ni cikin masu zuwa gaisuwa, ba yadda zan zille. Na tarar da ita a kan tabarma, da kwano a gefe yana tarar ɗigon rufi. Da zan tafi ya raka ni bakin zaure, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ban manta da kuɗinka ba, kunyarka nake ji." Na ce, "Haba Baba, ai na yafe." Ban kai gida ba na kama kaina ina lissafin abin da buhu biyu ya kai a kasuwa yanzu.

Lahadin da ta biyo na zauna a bencinsa. Ya manta tabarau a gida, ni na buɗe mana littafin waƙoƙi ina nuna masa layi da yatsa. Babbar rigar nan ce a jikinsa, ta fara koɗewa a kafaɗa.