Azarar Kaka: Gado ko Haja?

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni ko na Zango a garin Damagaram bayan damina, ba zai rasa cin karo da kango ba: soro ya rufta, yara na wasa a kan tulin ƙasa, ga azara an jera a gindin katanga tana jiran mai saye. Tambayar da nake son mu yi nazari a kanta ita ce: shin mai tsince kayan rusasshen gida amana ya riƙe, ko kuwa gado ya cinye?

Maginan da ba su san asara a gini ba. Idan ɗaki ya faɗi, sai su farfasa tubalin, su jiƙa, su sake kwaɓawa da ciyawa, ƙasar jiya ta koma bango. Ƙyaure da indararo kuma a kai su sabon ɗaki. Azara kuwa ita ce dukiyar gidan, domin daga jikin giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, giginya kuma takan daɗe ƙwarai kafin ta isa sara. Wanda ya tura tsohuwar azara murhu ya ƙona abin da da wuya ya ga madadinsa a tsawon ransa. Addini ya hana almubazzaranci, hankali ma ya hana. Ta wannan fuska, mai tsinta ya cancanci yabo.

To amma akwai wata fuskar. Ranar da kayan tsohon gini suka yi daraja a kasuwa, ranar lafiyayyen gida ya shiga haɗari. Magada su kasa jituwa, sai a sa dagi a zaure mai zane, a sayar da azara, a raba kuɗi, a aza bulo da kwano a wurin. Azarar ta tsira, gaskiya ne, amma ɗaurin gugan da ta riƙe da zanen ƙofar gidan sun tafi har abada. Ana iya ɗauke itace a amalanke. Ba a ɗauke hannun maginin da ya riga mu gidan gaskiya.

Mun ga aya a ranar 3 ga Satumba, 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, amma suna a takarda ba ya tare ruwa, yaɓe ke tarewa. Abin da damina ke ci ya ishe mu rashi, ba sai mun taya ta da hannunmu ba.

A ganina, ma'aunin shi ne niyya. Tsince kayan gidan da ya mutu sadaka ce. Kashe gida don kayansa cin amana ne. Gyara shi ne a gaba. In ya gagara, a kwance ginin a tsanake, a fara tayin azarar ga maƙwabcin da ke gyaran soronsa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu kuma su kai ɗalibai kafin a sa dagi, a ɗauki hoto, a rubuta sunan magini da na waɗanda suka zauna a gidan.

Allah ya sa mu bar wa na baya abin da za su gyara.