Azumi da Sharar Ɗaki: Darasi Daga Ƙwayar Jiki

Mahalicci ya tanadar wa ƙwayoyin jikin mutum dabarar ranar rashi. Muddin abinci yana isowa, wani furotin mai suna mTOR yakan sa ƙwaya ta ci gaba da gini. Sa'ad da sinadaran gina jiki suka yi ƙaranci, sai mTOR ya lafa. Wani kuma, AMPK, da zarar ya ji ƙarfi ya ragu, sai ya ta da aikin shara. Ƙwayar takan naɗe sassanta da suka tsufa ko suka lalace cikin jaka mai ninki biyu, ta miƙa su ga laisosom, inda ake narkar da su su zama abinci da kayan sabon gini. Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan aiki a cikin yisti, aka ba shi kyautar Nobel a 2016.

Abin lura shi ne, ƙwayar ba ta tsaya ga jin yunwa kawai ba. Takan rabu da abin da ya ruɓe a cikinta. Annabi Ishaya, a sura 58, ya tsauta wa masu azumi da ke zaluntar ma'aikatansu. Mai bi da ya hana cikinsa tuwo, amma ya riƙe gaba, ƙyashi da hakkin maƙwabci, yunwa kurum ya sha. Bari kowane mai azumi ya binciki ɗakin zuciyarsa, ya fitar da tarkace a gaban Ubangiji, domin a sami wurin sabon gini.