Tikitin da Aka Saya Ba a Buga Ba

A birnin Roma, bas ɗin kamfanin ATAC ba shi da kwandasta. Direba tuƙinsa kawai yake yi, ƙofofi su buɗe, jama'a su shige, babu mai miƙo hannu ya ce a kawo kuɗin mota. Tun a ƙasa ake sayen tikitin takarda, a shagon taba mai allon harafin T ko a wajen mai jarida, da jimla ɗaya: "Un biglietto, per favore." Sai dai saye ba ya gama magana. Da an shiga mota, sai a cusa takardar cikin wata 'yar na'ura mai ruwan ɗorawa, ta yi ƙara, ta buga mata rana da sa'a. Daga nan minti 100 na tikitin suke fara tafiya. A Milan minti 90 ne.

Can ba zato masu bincike su hau, su ce "Biglietti, prego." Wanda tikitinsa bai sha bugu ba, tara ce ta hau kansa, daidai da wanda bai saya ba sam.

A nan tambayar take. Baƙon da ya sauka jiya, ya ciro kuɗinsa ya saya da zuciya ɗaya, bai san ana bugawa ba, ya yi laifi?

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba abu biyu: zunubi da ramuwa. Kuskure da mantuwa suna ɗauke zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba sa ɗauke haƙƙin mutane. Wanda ya fasa kayan wani bisa kuskure ba mai saɓo ba ne, duk da haka zai biya. Tikitin da ba a buga ba yana nan sabo, ana iya hawa da shi gobe da jibi, kuma mai bincike ba shi da hanyar leƙa zuciyar fasinja. Takarda kawai yake gani. Hukuncinsa yana da ɗaci ga baƙo, amma ba zalunci ba ne.

Shi kansa rashin sanin ma iri biyu ne. Akwai na wanda bai sami hanyar sani ba, akwai na wanda tambaya tana bakinsa ya haɗiye ta don kunya ko girman kai. Uzurin na biyun ba shi da ƙwari. "Devo timbrare?", wato sai na buga ne? "Dove si timbra?", a ina ake bugawa? Kalmomi biyar ke nan gaba ɗaya, kuma duk fasinjan da ke kusa zai nuna na'urar da yatsa. Matambayi ba ya ɓata. Shi ya sa koyon waɗannan 'yan jimloli ya wuce neman sauƙin tafiya, ya shiga cikin riƙon amanar ƙasar da ta ba mutum izinin shiga.

Mai sanin da ya ƙi bugawa da gangan, lamarinsa daban ne. Masanin falsafa Aflatun ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zobe mai ɓoye shi daga idon mutane, don a gwada ko mai adalci zai ci gaba da adalcinsa in ya tabbata ba a ganinsa. Bas ɗin da babu mai bincike a ciki yana yi wa fasinja wannan gwajin kowace safiya. Musulmi kuwa ya san ihsani ya ginu ne a kan yaƙinin cewa Allah yana gani. Cewa wai kuɗin hukuma ne, ba na kowa ba, magana ce marar tushe: da kuɗin tikiti da na haraji ake biyan direba da gyaran motar da talaka ke dogara da ita.

Wani lokaci na'urar ce ke lalacewa. Mai gaskiya sai ya ce wa direba "La macchinetta non funziona," ya ɗauko biro ya rubuta rana da sa'a a jikin tikitin da hannunsa. A jirgin ƙasa na Trenitalia mai zirga-zirgar yanki, tikitin takarda a tasha ake buga shi kafin a hau, kuma wanda bai samu ba ya nemi shugaban jirgi, capotreno, ya gaya masa tun kafin a tambaye shi.