Laifi Tudu Ne: Sharar Asibiti da Kan Iyaka

A shekarar 1988 aka gano dubban gangunan guba da jiragen ruwa suka kwaso daga Italiya, aka jibge a Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, a filin wani talaka da ake biya dala 100 a wata. Gwamnatin Babangida ta fusata, ta tilasta aka kwashe su. Kafin shekarar ta ƙare an kafa Doka ta 42 mai tanadin ɗaurin rai da rai, aka kuma kafa hukumar FEPA, wadda NESREA ta maye gurbinta a 2007.

Wancan fushi bai yi mana wuya ba, domin mai laifin baƙo ne. To, namu fa? Allurar da aka yi wa majinyaci a Garki ko Maitama, da audugar da ta sha jini, in ba a ƙona su ba, ina suke kwana? Ikon hukumar muhalli ta Abuja a Nyanya ya tsaya; taku kaɗan ka shiga Mararaba, Jihar Nasarawa. Duk motar sharar da ta tsallaka ta fita daga littafin jami'i, alhali ƙwayar ciwon hanta da ke bakin allura za ta huda ƙafar yaro mai tsintar bola ko a wace jiha yake.

A ganina, mai asibitin da ya ba ɗan kwangila aiki da araha, bai tambayi inda za a zubar ba, da gangan ya sayi rashin sani. Jami'in da ke cewa “ba hurumina ba ne” kuwa, ai yana da wayar da zai kira takwaransa na Lafiya.