Kuɗin wanda ba ya nan

Idan babbar salla ta gabato, kasuwannin dabbobi na Gidan Rumji da Agye da Gazawa sukan cika da masu saye iri biyu: waɗanda suka zo da ƙafarsu, da waɗanda kuɗinsu kaɗai ya zo. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Abijan ko Libiya yakan aiko da kuɗi, ya kira dillali a waya, ya ce a saya wa gidansu ragon layya. A ce ya gindaya cewa kada a wuce jika 150. Dillali ya shiga kara, ya taya, aka yi albarka, ya ƙara, har aka sallama masa balami a jika 120. To, jika 30 da suka rage na wane ne?

Akwai dillalan da za su ce nasu ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mai kuɗi ya yarda da jika 150 tun farko. Da shi ya zo da kansa, da wuya ya sami ragon a ƙasa da haka. Rangwamen ya fito ne daga sanin kasuwa da iya baki da yinin da aka yi cikin rana, ga shi la'adar da aka saba bayarwa ba ta taka kara ta karya ba. Mai gida ya sami rago, iyali sun yi murna, wa aka cuta?

Wannan tambaya ba ta tsaya ga ƙasar Maraɗi ba. A Turai da Amurka akwai gidajen gwanjo da ke sayar da tsofaffin kayan wasan yara ga manya masu sha'awar tara su, kamar ƙananan motocin ƙarfe na Dinky, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1934. Kuɗin ba na wasa ba ne: a 1994 gidan Christie's na Landan ya sayar da wata tsohuwar ƴar tsana ta kamfanin Steiff na Jamus a kan fam 110,000. Wanda ba zai halarci gwanjon ba yakan rubuta wa gidan iyakar abin da zai iya biya, mai gwanjo ya riƙa tayawa a madadinsa. Ƙa'idar ita ce a saya masa da mafi ƙarancin kuɗin da ya yiwu. Idan ya rubuta fam 500, masu tayi a zaure suka tsaya a 300, za a ɗora masa mataki ɗaya, ya ɗauki kaya a 320. Sauran 180 ba a taɓa su, domin adadin da ya rubuta iyaka ce, ba farashi ba.

Su ma gidajen gwanjon suna cin la'ada. A 1975 Christie's da Sotheby's suka fara karɓar kashi 10 cikin 100 daga hannun mai saye, ban da abin da suke cira daga mai kaya. A yau gidaje da yawa suna karɓar kashi 20 zuwa 25, wasu ma fiye. Idan la'adar kashi 25 ce, wanda aka buga wa guduma a fam 320 zai biya 400. Abin yana da nauyi, masu saye kuma suna kuka da shi, amma a rubuce yake cikin sharuɗɗa tun kafin a fara tayi, kowa ya shiga da saninsa.

A nan ne tarkon yake, a Landan ko a Gazawa. Wakili ya san iyakar aljihun wanda ya aiko shi, kuma sau da yawa yana da abin samu idan farashi ya hau. Mai gwanjo yana iya nuna tayin da babu shi domin ya kai mai saye ƙarshen kuɗinsa. Dillali yana iya haɗa baki da mai rago su faɗi farashin da ba a yi ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Sun halatta gwanjo, amma sun haramta najashi, wato tayin da ba don saye aka yi shi ba sai don a ja wani ya ƙara. Imamu Buhari kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari guda ya sayo akuya. Urwa ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin tare. Gwanintar tasa ce, amma bai riƙe rarar ba, aka kuwa yi masa addu'ar albarka a cinikinsa.

Saboda haka bambancin la'ada da rarar da aka ɓoye yana ga sani, ba ga yawan kuɗi ba. Idan dillali ya ga la'ada ta yi masa kaɗan, ƙofa a buɗe take: ya faɗa tun kafin ya shiga kara, ko ya dawo da canji ya nemi tukuici. Abin da aka ba shi bayan an san gaskiya halaliyarsa ne ko da ya kai jika 30 ɗin. Amma yardar da mai kuɗi ya yi da jika 150 yarda ce da farashin rago in ya kai haka, ba kyauta ba ce ga manzo. Shi ya sa ɓoye rarar yake bukatar ƙarya a waya, alhali karɓar la'ada ba ya bukatarta.

Dillanci sana'a ce mai daraja. Dillali ne ke shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ne kuma lamunin baƙo a kasuwar da ba a san shi ba. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, da Emmanuel Grégoire, a nasa na 1986 kan alhazan Maraɗi, duk sun nuna yadda fataucin nesa ya tsaya a kan aminci tsakanin mutanen da ba sa ganin juna. Wannan amincin shi ne jarin dillali, kuma bai fi kira guda a waya ba ɗan ci-rani ya ji nawa aka sayar da irin ragonsa a wannan kasuwar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi la'adar mutumin da ba ya nan, askin da ke kansa shi ne ya yi ciniki kamar mai kuɗin yana tsaye a bayansa, sa'an nan ya mayar masa da canjinsa.