Ran Mai Hawa Falwaya a Wuyan Wa Yake?

Idan aka ɗauke wuta a unguwa, bakin kowa ɗaya ne: a zo a gyara yanzu. Ba kasafai muke tuna cewa mutum ne zai hau falwaya ya yi gyaran ba, dab da layin da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000.

Ƙa'idar aikin a fili take. Kafin injiniya ko mai gyaran layi ya taɓa waya, sai an kashe layin, an gwada an tabbatar babu wuta, sannan a haɗa shi da ƙasa. Duk wannan yana cin lokaci. Tun da aka fara miƙa rarraba wuta a Najeriya ga kamfanoni 11 a Nuwamban 2013, kowace sa'a da layi ya yi a kashe asara ce ga kamfani. Sai ma'aikaci ya kasance gaba kura, baya sayaki: shugaba yana son a gama, jama'a suna ƙasa suna gunaguni.

Shin yana da damar ya ce ba zai hau ba? A ganina wajibi ne ma ya ce haka. Albashi kuɗin iliminsa ne da lokacinsa, ba kuɗin ransa ba. Wanda aka tura ba safar hannu mai kyau, ba hular kwano, ba igiyar ɗaure ƙugu, idan ya ƙi hawa bai ci amanar aiki ba.

Sai dai alhakin bai tsaya kan kamfani ba. Wanda ya tayar da janareta a gida ba tare da ya raba wayarsa da layin waje ba, wutarsa tana iya komawa baya ta bi taransifoma. Taransifomar da ke sauke bolt 11,000 zuwa wutar gida, ita ce za ta ɗaga wutar gida ta mayar da ita dubbai. Layin da aka kashe sai ya rayu a hannun mai gyara. Mai janareta yana shan fanka, bai san ya yi kisa ba.

Rashin niyya ba ya ɗauke alhakin sakaci. Makunnin raba layi ba shi da tsadar rai. Haƙurin sa'a biyu a cikin duhu kuwa, shi ne mafi ƙanƙantar hakkin da mai hawa falwaya yake bin mu.